Yadda ake neman kuɗin gwamnati don yashe mashigi da farfaɗo da gaɓar teku a Amurka

A gabashin Amurka, tun daga jihar New York har zuwa Florida, akwai jerin tsibirai dogaye marasa faɗi waɗanda kusan duk jikinsu yashi ne, suna tsaye tsakanin Tekun Atalantika da tafkunan ruwan gishiri da ke bayansu. Su ne shingen da ke karɓar dukan raƙuman ruwa a duk lokacin da guguwa ta taso, kuma a kansu aka gina garuruwa da hanyoyin mota da otal-otal. Tsakanin tsibiri da tsibiri akwai mashigi, wato ƙofar da ruwan teku ke shiga yana fita ta cikinta sau biyu a rana, wadda kuma jiragen masunta ke bi. Matsalar da ke addabar yawancin waɗannan garuruwa ita ce teku na cin gaɓarsu kowace shekara, alhali kuwa a nan kusa da su yashi na taruwa a mashigi har yana hana jirage wucewa. Wannan bayani na garin da ya tsinci kansa cikin wannan hali ne, yana son a yashe mashigin a zuba yashin a kan gaɓarsa, kuma ba shi da ƙarfin biyan kuɗin aikin shi kaɗai.

Abin da ya kamata shugabannin gari su riƙe tun daga farko shi ne cewa gwamnati ta riga ta saba biyan kuɗin yashe mashigai saboda zirga-zirgar jirage. Saboda haka garin da ya haɗa buƙatarsa da wannan aiki, ya nemi a sauke yashin a gaɓarsa maimakon a kai shi can cikin teku a zubar, ya fi kusa da samun biyan buƙata a kan garin da ya je yana roƙon a ƙirƙiro masa sabon aiki daga tushe.

Fara da gano inda yashin ya tafi

Ruwa ba ya tsami banza, kuma gaɓa ba ta zaizayewa haka kawai. Raƙuman ruwa ba sa bugun gaɓa kai tsaye, sukan zo ne a karkace, don haka suna tura yashi a hankali tare da tsawon gaɓar, kamar kogin da ba a gani. A yawancin gabashin Amurka wannan tafiya ta fi karkata daga arewa zuwa kudu, ko da yake akwai wuraren da take juyawa. Idan yashin ya iso mashigi, ruwan da ke shiga yakan ja wani kaso ya tara a cikin tafki, wanda ke fita kuma ya tara wani kaso a wajen ƙofar. Idan har an gina katangun duwatsu a gefen mashigin don kada ya toshe, to yashin da ke tahowa sai ya tsaya a bayan katangar farko, gaɓar da ke ɗaya ɓangaren kuma ta shiga yunwa.

Babu misalin da ya fi na Ocean City a jihar Maryland bayyana wannan. A watan Agusta na 1933 wata guguwa ta yanke tsibirin da garin yake a kai, ta buɗe mashigi a kudancin garin. Mutanen garin sun daɗe suna son irin wannan ƙofa, saboda haka aka gina katangun duwatsu biyu don tabbatar da ita. Bayan wasu shekaru gaɓar Ocean City da ke arewa da katanga ta yi faɗi, arewacin tsibirin Assateague da ke kudu kuwa ya rame, ya ja da baya zuwa ɓangaren tudu da ɗaruruwan mitoci. Wanda ya san Legas ba zai yi mamaki ba, domin katangun da aka fara ginawa a bakin tashar jiragen ruwa a 1908 su ne suka tare yashin da ke tahowa daga yamma, Bar Beach da ke gabas kuma ta yi ta zaizayewa har aka shafe shekaru ana zuba mata yashi.

Aikin farko ke nan: gari ya ɗauki injiniyan gaɓar teku ya yi masa lissafin yashi, wato nawa ke shigowa, nawa ke maƙalewa a mashigi, nawa ke wucewa, nawa kuma gaɓar ke rasawa a shekara. Ana yin wannan da tsofaffin hotunan sama, da taswirorin zurfin ruwa, da bayanan yashe-yashen da aka yi a baya, da awon gaɓa da ake maimaitawa a wuri ɗaya kowace shekara. Ana auna yashi da kubik yadi, kuma don a samu kwatanci, tifa ɗaya matsakaiciya kan ɗauki kimanin kubik yadi 10. Wannan lissafi shi ne garin zai biya da kuɗinsa, kuma a ganina babu kuɗin da gari zai kashe da ya fi shi amfani, domin duk wata hukuma da za a tunkara daga baya tambayarta ta farko ita ce adadi. Hoton gidan da ruwa ya ci yana taɓa zuciya, amma ba a cika takardar neman tallafi da shi.

A wannan mataki ne kuma za a ɗebi samfurin yashin mashigi a gwada shi da na gaɓa. Idan ya fi na gaɓa laushi ƙwarai, teku zai kwashe shi cikin ɗan lokaci. Idan kuwa laka ta yi masa yawa, ko ya cika da duwatsu da ɓawon kifi, hukumomin muhalli ba za su yarda a zuba shi ba, kuma jihohi irin su Karolina ta Arewa da Florida suna da rubutattun ƙa'idoji a kan haka.

Wane ne ke da mashigin?

Tambaya ta biyu ita ce ko mashigin yana cikin hanyoyin ruwan da majalisar dokokin tarayya ta ɗora wa Rundunar Injiniyoyin Sojan Amurka alhakin kula da su. Duk da sunanta, ɓangaren wannan runduna da ke aikin tashoshin ruwa da madatsai da gaɓar teku yawancinsa farar hula ne, kuma tana da ofisoshin yanki: na Baltimore ke kula da Ocean City, na Philadelphia ke kula da Delaware da kudancin New Jersey, na Wilmington ke kula da Karolina ta Arewa, na Jacksonville kuma ke kula da mafi yawan Florida. Wasiƙar farko ta neman taimako ofishin yanki ake aika wa, kuma dole ta fito daga wata hukuma da ke da ikon sanya hannu kan yarjejeniya da tara haraji, kamar majalisar gari ko gunduma ko jiha. Ƙungiyar masu gidaje na iya matsa lamba, amma a bisa al'ada hukuma ce ke zama abokiyar aikin gwamnatin tarayya.

Idan mashigin na tarayya ne, akwai ƙa'ida ɗaya da dole a fahimta, domin a kanta yawancin garuruwa ke tuntuɓe. Rundunar tana bin abin da ake kira ma'aunin tarayya, wanda ke cewa za a zubar da abin da aka yaso ta hanya mafi arha matuƙar ta dace da ƙa'idojin injiniya da na muhalli. Idan kai yashi cikin teku ya fi arha a kan tura shi ta bututu zuwa gaɓa, to cikin teku za a kai shi, ko da kuwa gaɓar na mutuwa a gaban idon kowa. Wannan ƙa'ida ta jawo asarar yashi mai kyau na tsawon shekaru, kuma ita kanta rundunar ta gane hakan, shi ya sa a 2023 ta sanya wa kanta burin yin amfani da kashi 70 cikin ɗari na abin da take yasowa kafin 2030. Ya kamata gari ya ambaci wannan buri a cikin wasiƙarsa, domin yana nuna cewa buƙatarsa ta zo daidai da abin da hukumar ke nema.

Abin da gari zai nema a nan shi ne kuɗin rata, wato bambancin da ke tsakanin hanya mafi arha da hanyar da za ta kawo yashin gaɓa. Akwai sashe na 204 na dokar bunƙasa albarkatun ruwa ta 1992, wanda ya ba rundunar damar raba wannan rata da abokin aiki, tarayya ta biya kashi 65, abokin aiki ya biya 35. Gari na iya kuma biyan ratar gaba ɗaya daga aljihunsa idan yana gaggawa, kuma sau da yawa hakan ma riba ce, saboda kawo jirgin yasa da bututunsa zuwa wurin aiki kaɗai yana cin miliyoyin daloli kafin a motsa ko cokali ɗaya na yashi. Jiragen ma ba su da yawa, domin wata doka ta 1906 ta taƙaita aikin yasa a ruwan Amurka ga jiragen da aka ƙera a ƙasar. Garin da ya samu jirgin da wani ya riga ya biya kuɗin kawowa ya tsallake kaso mai tsoka na kashewa.

Idan kuwa lissafin yashi ya nuna cewa katangun da tarayya ta gina ko yasar da take yi su ne musabbabin zaizayar, to akwai ƙofa mafi kyau, wato sashe na 111 na dokar koguna da tashoshin ruwa ta 1968, wanda aka yi shi don gyara ɓarnar da ayyukan jirage na tarayya suka yi wa gaɓa. A ƙarƙashinsa ana raba kuɗi ne bisa yadda aka raba kuɗin ainihin aikin da ya jawo ɓarnar, saboda haka kason tarayya kan yi yawa. Sai dai rundunar ba za ta biya sai daidai gwargwadon abin da aka tabbatar aikinta ne ya haddasa, kuma a nan ne za a yi doguwar jayayya tsakanin injiniyoyi, domin gaɓa tana zaizayewa saboda dalilai da dama lokaci guda, ciki har da guguwa da hauhawar matakin teku.

Assateague ya samu gyara ne bisa wannan hujja ta cewa wanda ya tare yashi shi ya kamata ya tsallakar da shi. A 2002 aka zuba kimanin kubik yadi miliyan 1.8 a arewacin tsibirin don cike wani ɓangare na giɓin da aka tara, daga 2004 kuma aka shiga shiri na shekara 25, inda ƙananan jiragen yasa na rundunar, irin su Currituck da Murden, ke zuwa sau biyu a shekara su ɗebi yashi daga kewayen mashigin su sauke shi a ruwa mara zurfi kusa da gaɓa, raƙuman ruwa su ƙarasa aikin. Hukumar kula da gandun daji ta ƙasa, wadda ke riƙe da tsibirin, tana raba kuɗin da rundunar. Abin lura shi ne an ɗauki kusan shekara 70 tsakanin gina katanga da fara gyara.

Akwai wata gaskiya mai ɗaci game da ƙananan mashigai. Kuɗin kula da tashoshin ruwa na fitowa ne daga wani asusu da aka kafa a 1986, wanda ake cika shi da harajin kashi 0.125 cikin ɗari na darajar kayan da ake saukewa a tashoshin, kuma wajen rabon kuɗi ana fifita wuraren da manyan jiragen kaya ke bi. Mashigin da masunta da masu yawon shaƙatawa kaɗai ke amfani da shi na iya zama na tarayya a takarda amma ya shekara da shekaru ba a ware masa komai ba. Garin da ke irin wannan wuri ya tattara hujjojin da ba na nauyin kaya ba: yawan kifin da ake saukewa, jiragen da suka maƙale ko suka kife a bakin ƙofar, da kuma ko akwai sansanin dakarun tsaron gaɓa da ke buƙatar fita ceto ta wannan hanya.

Babban aiki na shekara 50

Hanya mafi tsawo ita ce neman cikakken aikin kare gaɓa daga guguwa, wanda mashigi zai zama wurin ɗiban yashinsa. Ana farawa da izinin majalisa na yin nazari, sannan a yi nazarin, wanda tarayya da abokin aiki ke raba kuɗinsa rabi da rabi. Dokar 2014 ta sanya ma'aunin shekara 3 da dala miliyan 3 ga irin wannan nazari, ko da yake da yawa sukan zarce. Ita wannan doka ce kuma ta buɗe hanyar da gari zai miƙa shawarar aikinsa a cikin rahoton da rundunar ke kai wa majalisa kowace shekara. Idan nazari ya nuna cewa amfanin aikin ya fi kuɗinsa, babban injiniyan rundunar ya sa hannu, sai majalisa ta amince da aikin a cikin dokar albarkatun ruwa, wadda tun 2014 ake zartarwa duk shekara biyu.

Amincewa da aiki daban, sakin kuɗi daban. Akwai ayyukan da majalisa ta amince da su amma suka zauna shekaru ba a ba su ko sisi ba, domin kuɗi na zuwa ne ta dokar kasafi ta kowace shekara, ko ta kasafin gaggawa bayan bala'i, kamar wanda aka zartar a 2013 bayan guguwar Sandy, inda rundunar ta samu fiye da dala biliyan 5. Saboda haka dole gari ya riƙe hulɗa da ɗan majalisar wakilai na mazaɓarsa da sanatocin jiharsa biyu, ya riƙa tuna musu a farkon kowace shekara lokacin da ake tattara buƙatun kasafi. Garuruwan da suka ci moriyar kuɗin Sandy da sauri su ne waɗanda nazarinsu ya riga ya kammala yana jiran kuɗi kawai.

A irin wannan aiki tarayya kan biya kashi 65 na zubin farko, sannan a sababbin ayyuka ta biya rabin kuɗin ƙarin yashin da ake yi duk bayan 'yan shekaru, har tsawon shekara 50. Lissafin amfani kuwa ya dogara ne galibi a kan darajar gine-gine da hanyoyin da za a kare, kuma kuɗin shigar yawon buɗe ido ba zai iya ɗaukar nauyin hujjar shi kaɗai ba. Wannan tsari yana fifita garuruwan da ke da gidaje masu tsada a kan ƙauyukan masunta, kuma ina ganin rashin adalci ne da ya cancanci a riƙa faɗa a fili, amma garin da ke neman kuɗi a yau da wannan ma'auni za a auna shi.

Sharuɗɗan da ke kashe aiki

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuɗin jama'a na zuwa da sharaɗin cewa jama'a za su iya shiga gaɓar, wato a samar da hanyar shiga aƙalla kowace rabin mil, tare da wurin ajiye mota, kuma inda babu wannan kason tarayya yakan ragu ko ya ɓace. Bayan haka abokin aiki ne zai samo takardar izini ta dindindin daga kowane mai fili da aikin zai ratsa, kuma wannan shi ne wurin da ayyuka da dama suka tsaya cak. A gundumar Pinellas ta Florida rundunar ta dakatar da ƙarin yashi na shekaru saboda wasu masu gidaje sun ƙi sa hannu, har gundumar ta koma ta yi aikin da kuɗin harajin baƙi. A garin Harvey Cedars na New Jersey kuwa, kotu ta fara ba wasu masu gida diyyar dala 375,000 saboda tudun yashin da aka gina ya tare musu kallon teku, sai kotun ƙolin jihar ta soke hukuncin a 2013, tana mai cewa dole a lissafa kariyar da tudun ya ba gidan, aka kuma ƙare da sulhu a kan dala ɗaya. Gari ya fara tattara sa hannu tun ana nazari, gida-gida, kuma ya yi bayani ƙarara cewa takardar ba ta ƙwace wa kowa gida ba.

A duba taswirar dokar kare tsibiran shinge ta 1982 tun kafin a kashe kuɗi. Dokar ta hana kashe yawancin kuɗin tarayya a sassan gaɓar da ba a gina ba a lokacin da aka zana taswirar, don kada gwamnati ta riƙa ƙarfafa gini a wuri mai haɗari. Garin North Topsail Beach a Karolina ta Arewa ya daɗe yana fama da wannan, domin babban ɓangarensa ya faɗa cikin taswirar. Abin da ya fi shafar batunmu shi ne cewa mashigai da yawa su ma suna ciki, kuma fassarar ko za a iya ɗiban yashi daga cikinsu da kuɗin tarayya a kai wata gaɓa ta sauya a 2019, ta sake sauyawa a 2021, lamarin da ya jinkirta aikin Wrightsville Beach, wanda ya shafe shekaru yana dogaro da yashin mashigin Masonboro. A nemi matsayin da ake kai a rubuce daga hukumar kula da kifi da namun daji ta tarayya, wadda ke riƙe da taswirar.

Sai izinin muhalli, wanda ya haɗa da na dokar tsabtar ruwa, da na dokar koguna ta 1899, da na jiha, da tuntuɓar hukumomin da ke kare halittun da ke gab da ƙarewa. Kunkurun teku na haƙa ramin ƙwai a gaɓa da bazara, wasu ƙananan tsuntsaye kuma na yin ƙwai a kan yashi a fili, musamman a bakin mashigai, saboda haka a wurare da yawa lokacin sanyi kaɗai ake yarda a yi aiki, lokacin da teku ya fi tsanani kuma kowane gari ke neman jirgi ɗaya. Izini na iya ɗaukar fiye da shekara, kuma hikima ita ce a nemi wanda zai ba da damar maimaita yasa sau da yawa.

A nan ya dace a ja kunne game da kwaɗayin yashi. Tarin da ke wajen ƙofar mashigi yana karya ƙarfin raƙuman ruwa kafin su iso gaɓa, kuma ta kansa ne wani kaso na yashi ke tsallakawa zuwa ɗaya ɓangaren da kansa. Idan aka kwashe shi fiye da kima, ramin da aka bari zai riƙa haɗiye yashin da ya kamata ya wuce, gaɓar da ake son ceto ta ƙara ramewa. Taɓa bakin mashigi ba wasa ba ne ko a ina: a Saint-Louis ta Senegal, 'yar magudanar da aka yanka mai faɗin mita 4 a shingen yashin Langue de Barbarie a 2003 don rage ambaliya ta buɗe har ta kai kilomitoci, ta ci ƙauyuka. Takardar neman kuɗi da ta nuna iyakar abin da za a ɗiba, da shirin awo bayan aiki, ta fi samun karɓuwa wurin masu duba ta.

Kason jiha da kason gari

Jihohi sun bambanta ƙwarai, kuma wani lokaci ƙofar jiha ta fi ta tarayya sauƙin buɗewa. Karolina ta Arewa, ganin yadda kuɗin tarayya ya janye daga ƙananan mashigai, ta kafa asusu na musamman a 2013 da ake cikawa da kuɗin rajistar jiragen ruwa da wani kaso na harajin man fetur, kuma yana biyan kaso mafi girma na kuɗin yasa idan ƙaramar hukuma ta kawo nata. Jihar ta kuma ba da dala miliyan 15 aka ƙera jirgin yasa mai suna Miss Katie, wanda ya fara aiki a 2022 a mashigin Oregon Inlet da ke gaɓar jihar da maƙwabtansa. New Jersey na da asusun kare gaɓa da ya shafe shekaru yana karɓar dala miliyan 25 a shekara daga harajin sayar da gidaje, kuma jihar kan ɗauki kashi 75 na abin da ya rage bayan kason tarayya, gari ya biya 25. Idan aka lissafa, a zubin farko garin New Jersey na biyan ƙasa da kashi 9 cikin ɗari na dukan aikin. Florida kuwa tana buƙatar tsarin kula da mashigi da jiha ta amince da shi, wanda ke fayyace adadin yashin da za a tsallakar kowace shekara, kuma tana jera buƙatun garuruwa bisa maki kafin a kai wa majalisarta.

Duk da haka babu hukumar da za ta sa hannu sai ta ga inda kason gari zai fito, kuma ta fi son ganin kuɗin da ke shigowa kowace shekara a kan alkawarin majalisar da za ta iya sauyawa a zaɓe mai zuwa. Gundumar Dare ta Karolina ta Arewa, inda babban ɓangaren tsibiran Outer Banks yake, tana karɓar harajin kashi 6 cikin ɗari a kan kwanan baƙi a otal da gidajen haya, kashi 2 daga ciki kuma na tafiya kai tsaye zuwa asusun gaɓa. Garuruwa da dama na ƙara harajin gidaje mai hawa biyu, inda waɗanda ke bakin ruwa ke biyan fiye da na bayansu, tunda su ne suka fi cin moriya. Wannan tsari yana rage ƙorafin mazauna cikin tudu, waɗanda ke da haƙƙin tambayar dalilin da zai sa su biya kuɗin kare gidan hutun wani attajiri. Amsar da gari zai ba su ita ce hanyar mota da bututun ruwa da ayyukan yi da kuɗin harajin da ke riƙe makarantu, kuma ya kamata a kawo alkaluman a taron jama'a.

Garin Nags Head da ke gundumar Dare ya gaji da jiran aikin tarayya da aka amince da shi ba a ba shi kuɗi ba, sai a 2011 ya zuba kubik yadi miliyan 4.6 a tsawon mil 10 da kimanin dala miliyan 36, daga asusun gunduma da bashi da harajin gari. Yashinsa daga cikin teku aka ɗebo shi, amma akwai abin da garin mashigi zai ɗauka daga wannan. Hukumar ba da agajin gaggawa ta tarayya tana biyan aƙalla kashi 75 na kuɗin mayar da yashin da guguwa ta kwashe, idan shugaban ƙasa ya ayyana bala'i, amma ga gaɓar da injiniya ya tsara, aka gina bisa zane, kuma ake kula da ita a kai a kai. Nags Head ya samu irin wannan kuɗi bayan guguwar Matthew ta 2016 saboda yana da awon gaɓarsa na kafin guguwa da na bayanta. Yashin da aka yaso daga mashigi aka jibge kawai ba tare da zane ba yana iya rasa wannan matsayi, don haka a sa injiniya ya fitar da tsayi da faɗi da gangaren da ake nufi, a rubuta shirin kulawa, majalisar gari ta zartar da shi, a kuma riƙa awo kowace shekara kafin lokacin guguwa. Gaɓar da rundunar ta gina a matsayin aikin tarayya ba ta bin wannan hanya, domin rundunar ce da kanta ke gyara ta a ƙarƙashin wata doka ta daban.

A cikin kasafin da za a gabatar, a ware layin kuɗin kulawa da gyaran kayan aiki, domin shi ne abin da ake fara yankewa idan shekaru suka yi sauƙi. A mashigin Indian River na Delaware an kafa injin tsallakar da yashi a 1990, mai tsotso daga kudancin katanga ya tura ta bututu zuwa arewa, da nufin kai kimanin kubik yadi 100,000 a shekara. Da injin ya tsaya na wasu shekaru, gaɓar arewa ta rame, kuma a 2024 teku ya fasa tudun yashi sau biyu, a watan Maris da watan Agusta, ya malalo kan babbar hanyar da ke bin gaɓar jihar har aka rufe wani ɓangarenta, abin da ya tilasta wa jihar yin yasar gaggawa daga tarin yashin da ke cikin mashigin.